Barkwancin lakwal: gajeren bidiyo na yayi ko shiri mai kashi-kashi?

Wani ƙanenmu daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya kawo tambaya. Shi da 'yan fadarsu sun ɗauki gajerun bidiyoyi na ban dariya a kan rayuwar lakwal, kowanne ya yi kwana uku yana yawo a WhatsApp da TikTok, sannan ya bi ruwa. Ga shi kuma akwai tsofaffin wasannin 'yan makaranta da har gobe ake nema a sake kallo. Yana son ya san inda bambancin yake, da wanda ya kamata su kama: su ci gaba da gajerun, ko su shiga shiri mai kashi-kashi.

Ƙanenmu, shiri mai kashi-kashi za mu ce ku kama. Amma kowanne da abin da yake ci da abin da yake bayarwa, don haka bari a jera su.

A fara da inda dariyar take fitowa. Gajeren bidiyo na minti 1 zuwa 3 yawanci a kan abu guda yake tsayawa: waƙar da ake yayi, kalmar da ta shigo gari, ko kwaikwayon wani da ke tashe. Mai kallo yana dariya ne don ya san abin da ake nufi a wannan makon, ranar da yayin ya wuce kuwa dariyar ta bi shi. Shiri mai kashi-kashi a kan hali yake tsayawa, hali kuma zanen dutse. Ɗalibin da bai yi aikin gida ba ya sake kawo uzurin ciwon kakarsa karo na uku. Shugaban aji da aka ba alli ya rubuta masu surutu, amininsa kuma shi ya fi kowa baki. Mushe ya shigo da takardun jarrabawa yana kiran maki bisa 20 daga sama zuwa ƙasa, 'yan bayan aji sun sunkuyar da kai suna addu'a. Duk wanda ya taɓa zama a benci ya san wannan faɗuwar gaba, kuma daɗin kallon shi ne a yau yana jin ta ba tare da ta shafe shi ba.

Shi ya sa masu kallon irin wannan shiri ba sa ƙarewa. Yaro yana shekara 6 a firamare daga CI zuwa CM2, 4 a kwaleji har BEPC, 3 a lise har BAC. Shekara 13 ke nan cikin aji, kuma kowace Oktoba sababbi suna shigowa su tarar da tsoron da yayyensu suka bari. Na ciki suna ganin kansu, ƙanana suna leƙen abin da ke jiransu, waɗanda suka gama suna tuna baya. Ka ɗauki sambol, wato ƙashi ko guntun katakon da a da ake rataya wa ɗalibin da ya yi Hausa a harabar lakwal maimakon Faransanci. Uba zai yi dariya don ya san nauyinsa a wuya, ɗansa zai yi dariyar mamaki, musamman yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar tun 2025. Gajeren bidiyo na yayi da wuya ya haɗa uba da ɗa a gaban salula ɗaya.

Wajen rubutu, gajeren ba ya cin fiye da shafi ɗaya: a kafa lamarin, a maimaita shi sau biyu, a na uku a juya shi inda ba a zata ba. Kashi ɗaya na dogon shiri kuwa minti 15 zuwa 20 ne, fitowa 8 zuwa 10, da 'yan wasa na dindindin 5 ko 6, kada su wuce haka. Kafin a rubuta magana ko ɗaya, a buɗe kaye a ba kowanne shafinsa: abu ɗaya da yake so, da rauni ɗaya da ke hana shi samu. Haziƙar gaban aji tana son ta zo ta ɗaya amma ba ta iya ɓoye sirri. Mai tallan fanke a ƙofar lakwal tana bin rabin aji bashi, don haka ta fi darakta sanin labarin kowa. Kowane kashi matsala ƙarama guda zai ɗauka, kamar ɓatan kaye ko takardar kiran iyaye, kuma a warware ta kafin a tashi.

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma ta hanya biyu. Ta farko, a yi wa labarin nauyi: kora, mummunan rauni, mutuwa. Da zarar hukuncin ya zama na gaske, mai kallo ya daina dariya ya koma tausayi. Ta biyu ta fi yawa, wato a mayar da malami wawa. Gajerun bidiyoyi suna yawan yin haka don dariyar tana zuwa da sauri, amma a dogon shiri kisa ne. Tsoron mushe da surbeyan shi ne man da ke tafiyar da motar. In ba a shakkarsu, ɓuyan ɗalibi a ƙarƙashin tebur ba shi da ma'ana. A bar malami da kwarjininsa, a ba shi ɗabi'a guda da yara za su riƙa kwaikwayo a bayan idonsa, wani lokaci kuma a nuna ya gano dabararsu tun farko ya kyale su. Irin wannan ne iyaye ke yarda a kalla a tsakar gida.

Haka ma yi wa mai in'ina ko mai nakasa ko ɗan ƙauye dariya: yana jan kallo yau, gobe ya zama abin kunya ga masu shirin. Muna da abin da ya fi shi, wasan taubasai da na ƙabilu irin na Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. A zaunar da taubasai biyu a benci ɗaya, tsokana ba za ta ƙare ba, kuma babu wanda zai tashi da ciwo.

Wajen ɗauka, gajeren ya yi gaba nesa. Salula ɗaya a tsaye, mutum uku, yammaci guda, an gama. Dogon yana son salula a kwance a kan marikinta mai ƙafa uku, makirufo biyu na maƙalawa a wuyan riga kamar taƙi ɗaya daga baki, da yara 10 zuwa 12 da za a cusa a layi biyu don aji ya yi kamar cike. Kashi ɗaya yakan ci kwana biyu. Minti ɗaya a ingancin hoto na 1080p yana cin megabait 100 ko fiye, kuma ana ɗaukar kusan ninki biyar na abin da zai fita, wato a tanadi giga 10 zuwa 13. Sauti ya fi hoto kashe shiri: aji mai rufin kwano yana amsa amo, kabu-kabu yana wucewa, salular da ke nesa da baki kuma duk wannan take kwasa. Taga ta kasance a bayan mai ɗauka, in ba haka ba fuskoki su yi baƙi.

Lokaci ma sai an auna. Dogon hutu ne ake samun aji babu kowa, amma damina ce, ruwa a kan kwano yana tsayar da aiki. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, salula ta yi zafi ta katse ɗauka, sai a fara ƙarfe 7 a tsaya 11. Kafin a tashi kowace rana a ɗauki hoton allo da mazaunin kowa don washegari a mayar da komai yadda yake, kuma kada wani ya yi aski tsakanin kwana biyun. A samu izinin darakta a rubuce da yardar iyayen duk wanda bai kai 18 ba, a rufe sunan makarantar a ƙirƙiro wani. Waƙar wani kuma a bar ta, don YouTube yana gane ta, zai iya rufe bidiyon ko kuɗinsa ya koma ga mai waƙar.

Ku rubuta kashi huɗu cif kafin ku ɗauki na farko, don shirin da ya tsaya a na biyu ba ya tara masu jira. Yayin ɗauka ku riƙa tsayar da masu magana a tsakiyar hoto. Haka zai ba ku damar yanke fitowa biyu ko uku daga kowane kashi, ku mayar da su a tsaye, ku sake su a WhatsApp da TikTok da sunan shirin da lambar kashin a ƙasa.