Spack ya yi, amma ka duba kwamfailar da ya kamo

Jama'a masu harkar WRF (manhajar hasashen yanayi) da lissafin damina, musamman mu nan Damagaram da muke shiga manyan kwamfutocin ƙasashen waje ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa), ga abin da na gani game da Spack. Manhaja ce ta kyauta da Todd Gamblin ya fara a 2013 a cibiyar Lawrence Livermore ta Amurka, aikinta ta harhaɗa maka manhajojin kimiyya tare da duk tarkacen da suke buƙata, su MPI (mai raba aiki tsakanin kwamfutoci), HDF5 da NetCDF (na ajiye bayanai), ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu ba. Ta nan kam wallahi ba ni da ƙorafi.

Inda ake shan wuya wajen gano kwamfaila ne, wato abin da ke juya rubutun C ko Fortran ya koma abin da mashin zai gane. Kana buga spack compiler find zai ce maka ya samu, kai kuma ka saki jiki, alhali shi abin da ke cikin PATH, wato jerin wuraren da mashin ke neman manhajoji, yake dubawa, to in ba ka loda sabon gcc (kwamfailar C) da umarnin module load ba tukuna sai ya kamo tsohon da ya zo da tsarin, mashin mai tsarin CentOS 7 ma gcc 4.8.5 ke gare shi, wanda sababbin manhajoji ba sa ko kallonsa. Wani lokaci kuma ya ga gcc da g++ (na C++) amma gurbin gfortran (na Fortran) wayam, kuma WRF ba ya ginuwa sai da Fortran. Ba ƙarya ya yi maka ba, abin da aka nuna masa ya ɗauka.

Abin da nake yi yanzu, module purge don in sauke duk abin da aka loda, in loda kwamfailar da nake so, in buga which gfortran in ga hanyar da idona, sannan in buɗe fayil ɗin da Spack ya rubuta cikin ~/.spack in karanta. A da compilers.yaml ne, tun fitowar Spack 1.0 a 2025 abin ya koma packages.yaml, shi ya sa tsofaffin bayanai na intanet suke rikita mutane. A mashinan kamfanin Cray kuma kwamfailolin cc, CC da ftn ake kira, su ne suke ɗauke da MPI ɗin wurin. Kuma don Allah kar ka gina NetCDF da gfortran ka zo kana gina WRF da ifx, kwamfailar Fortran ta Intel, fayilolin .mod da suke fitarwa ba sa ga maciji.

Abin da ya fi burge ni, in gini ya faɗi Spack yana nuna maka inda fayil ɗin spack-build-out.txt yake, can za ka ga ainihin layin da ya tsaya.

Sai dai yana da nawa, kafin ya gama lissafin abin da zai gina ka sha shayi zubi biyu, ga rezo ɗinmu da kun sani, a ɗauke wuta koneksiyon ya tsinke. Ka shiga tmux, manhajar da ke riƙe maka aikinka a kan mashin ɗin, kafin ka fara, aikin zai ci gaba can ko ka fita. Wanda manhaja ɗaya tak yake buƙata kuma akwai ta cikin jerin da module avail ke nunawa, ya yi amfani da ita kawai. Mai tara manhajoji da yawa, ni dai na ba shi huɗu cikin biyar.