Sulallan da aka yi kuskuren bugawa: wasiƙa daga Paris zuwa Garwa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara.

Ka tuna yadda mai tebur a babbar kasuwa yake mayar mana da dala ashirin, wato silen sefa 100, idan fuskarta ta goge, ya ce ba ta ci? To nan akwai titi guda, Rue Vivienne, shaguna jere, sana'arsu sayen tsofaffin sulalla, kuma wanda ya fito da aibi tun daga masana'anta shi ne ɗan gata.

A 2002 Italiya ta buga wasu santim 1 na yuro da girma da hoton santim 2, wato hasumiyar Mole Antonelliana ta Turin. A 2013 an yi gwanjon guda ɗaya a kan yuro 6,600, sama da sefa miliyan 4 ke nan. A Amurka kuwa, a 1943 yaƙin duniya na biyu ya cinye tagulla, aka koma buga kwabo da ƙarfe, amma 'yan ƙalilan suka kuɓuce da tagullarsu. Ɗaya an sayar da shi dala miliyan 1.7 ta Amurka a 2010.

Ni ma kwaɗayi ya ja ni. Na samu yuro 2 ta Girka ta 2002 mai ƙaramin harafin S a cikin tauraro, na ga a intanet ana sa mata dubbai. Da sassafe na kai wani shago. Dattijon ya sa tabarau, ya auna ta a sikeli, gram 8.5 cif, ya ce S ɗin alamar Finland ce, can aka buga su, miliyoyi ne. Yuro 2 ce, in je in sha shayi. Kuɗin jirgin ƙasa ma ban mayar ba. Ya ce abin da mutum ya yi wa kayansa kuɗi daban, abin da aka biya daban.

Abin da ya burge ni shi ne ba a ciniki da rantsuwa. Akwai kamfanoni irin su PCGS da NGC da ke duba sile, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a roba da lamba. Sai dai kuɗin dubawar kan fi silen kansa tsada. Mu can ko canjin biyan ɗan mashin wahalar samu yake, balle mai duba aibinsa, alhali sulallanmu na sefa da yawa a Pessac, nan Faransa, aka buga su.

Gwangwanin Kaka da ke ƙarƙashin gado, kada a bari yara su goge sulallan da toka ko lemon tsami, wanki yana karya musu daraja. Manyan na azurfa masu hoton mace da 1780, kada ka ruɗu, an yi ta buga su da wannan shekarar har cikin ƙarni na 21. Kada kuma ka kai wa maƙeri ya narka. Ka ɗauko mini hoton kowanne, gaba da baya, a hasken rana, ka turo ta WhatsApp.

A gaida Inna.