Ajin Latin da tsohon Girkanci a Sabon Gari: wata huɗu da na yi a ciki

Shekara tara ina aiki a wani kantin magani a Kabuga, kullum idona yana kan b.d. da t.d.s. da nocte a takardun likitoci. Na san nufinsu: sau biyu a rana, sau uku, da dare. Amma ban san daga kalmomin Latin bis die aka gutsuro b.d. ba sai da na zauna gaban wani dattijo mai koyar da Latin da tsohon Girkanci a Sabon Garin Kano.

Abokin aikina ne ya yi min hanya. Dattijon tsohon malamin sakandare ne, ya koyi harsunan biyu a makarantar horar da limaman Katolika. A falonsa yake koyarwa, Asabar da Lahadi bayan La'asar, benci biyu da ɗan allo. Mu shida ne, biyu ɗaliban lauya. Naira 8,000 a wata, shi ke kawo takardu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne in gaya wa duk wanda ya taɓa zama a zaure ya karanci nahawu cewa ya riga ya ci rabin hanya. Ranar farko Malam ya rubuta puer puellam videt, wato yaro yana ganin yarinya. Ya sauya wa kalmomin wuri, ya ce ma'ana tana nan daram, domin m ɗin da ke ƙarshen puellam ita ke nuna wadda aka gani. 'Yan ajin suka yi jugum. Ni kuwa sai Zaidun, Zaidan, Zaidin suka faɗo min a rai. Na ce, “Malam, ai wannan li'irabi ne, fa'ili da maf'uli.” Ya ajiye alli ya ce, “To ɗana, zo ka yi musu bayani.” Bambancin kawai, sunan Larabci hali uku yake da shi, rufu'a da nasaba da jarra, na Latin shida, na Girkanci biyar. Har musanna, wato sigar abu biyu, akwai a tsohon Girkanci.

Haruffan Girkanci 24 ne, cikin mako biyu na riƙe su. Alfa, beta, gamma, delta: jerin alif, ba, jim, dal na abjadi ke nan, don daga Finikiyawa, mutanen dā na gaɓar tekun Labanon, Girkawa suka aro rubutu. Ranar da ya fi burge ni, Malam ya rubuta kalamos, ya ce kara ne da ake feƙewa a yi rubutu. Larabawa suka ce ƙalam, mu muka ce alƙalami. Dirhami daga drakma ta Girkawa yake, dinari daga denarius na Rumawa. Mako na gaba na zo masa da alƙalamin karan da ɗana ke zuwa makarantar allo da shi, ya daɗe yana juya shi a hannu. Daga nan hira ta kai mu Bagadaza, inda Hunaini ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873 Miladiyya, ya mayar da littattafan likitancin Jalinus, shahararren likitan Girkawa, zuwa Larabci. Ga mai sana'a irin tawa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin gyara, kuma na faɗa masa baki da baki. Haɗa harsunan biyu a lokaci guda ya yi nauyi. Latin ran Asabar, Girkanci ran Lahadi, kafin mako ya zagayo ƙarshen kalmomi sun cakuɗe a ka. Mutum biyu sun daina zuwa saboda haka. Sannan takardun fotokwafi ne da ya koɗe, ƙananan alamomin da ke saman wasulan Girkanci ba sa fita, alhali ɗaya daga cikinsu ita ke nuna ko za a furta h a farkon kalma. In aka ɗauke wuta dab da Magariba kuwa, dole a tashi ko darasi bai ƙare ba.

Haƙurinsa dai babu na biyu. Ba ya wuce wuri sai kowa ya karanta da bakinsa, kuma da jan biro yake bin aikin gida layi-layi. Wanda zai shiga, ina ba shi shawara ya roƙi Latin kaɗai na wata shida tukuna. Ni haka na nema, Malam ya yarda. Yanzu Asabar kawai nake hawa adaidaita zuwa can, kuma mun shiga aikatau na shuɗaɗɗen lokaci.