Gidan Tarihin Yaƙi na Landan: ku fara da ɗakin zane-zane

Duk ɗan uwan da ya zo Landan ya ce in kai shi yawon buɗe ido, Imperial War Museum nake fara ambata masa. Yana kan titin Lambeth, tafiya kaɗan daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Lambeth North, kuma shiga kyauta ne. Manyan bindigogin jirgin ruwa biyu da aka girke a ƙofa su ke tsayar da mutane ɗaukar hoto. Ni shawarata a wuce su, a haura ɗakunan zane da hotuna na Blavatnik da aka buɗe a Nuwamban 2023.

A nan zanen "Gassed" na John Singer Sargent yake. Faɗinsa ya ɗan haura mita shida. Sargent Ba'amurke ne da ya yi suna wajen zana attajirai da matansu, sai gwamnatin Birtaniya ta tura shi bakin daga a Faransa a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Agusta, kusa da garin Arras, ya ga sojojin da iskar guba ta ƙona wa idanu, ya kammala zanen a 1919. An ɗaure musu idanu da bandeji, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa kamar jerin makafi a bayan ɗan jagora. Ɗayansu ya ɗaga ƙafa sama fiye da kima don hawa ɗan katakon da bai kai ya kawo ba, saboda ba ya gani. Wannan ƙafar ta fi komai taɓa min zuciya. Idan ka matso ka leƙa ta tsakanin ƙafafunsu, can nesa wasu sojoji na buga ƙwallo abinsu, wato abin ya zame musu jiki. Babu janar a kan doki, babu tuta. An wanke zanen kafin a sake rataye shi, launinsa ya fito ras.

Tarin gidan ya haɗa da zanen Paul Nash ɗan Birtaniya na 1918, inda rana ke fitowa a kan kututturan bishiyoyi da laka, ba mutum ko ɗaya. Shi Nash soja ne da ya kwana a ramukan yaƙi, kuma hannunsa ya nuna.

Mu da kakanninmu suka je yaƙin Boma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Yammacin Afirka muna da rabo a nan. Gidan na da hotunansu a rumbunsa na intanet, ana iya dubawa ko daga Kano.

A ware wa ɗakin nan aƙalla awa biyu, a je da safe kafin 'yan makaranta su cika wurin. Mai ƙananan yara ya fara leƙawa shi kaɗai, don wasu hotunan na da nauyi.