Doguwar tafiya a jirgin ruwa daga Durban zuwa Turai: daɗinta da wahalarta

Ɗana na biyu, wanda ke aikin asibiti a Afirka ta Kudu, shi ya biya mana kuɗin wannan tafiya, ni da mahaifiyarsa. Ni tsohon malamin firamare ne, ina noman shinkafa da alkama a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Ina rubuta wannan ne domin yaranmu da ke aiki a waje sun fara yi wa iyayensu irin wannan kyauta, kuma hotunan da kamfanoni ke zubawa a intanet ba sa gaya wa mutum irinmu abin da ya kamata ya sani kafin ya ce to.

Manyan jiragen ruwa na shaƙatawa sukan yi aiki a gaɓar Afirka ta Kudu daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin zafinsu ke nan. In sanyi ya kusa shiga can sai su koma Turai, kuma wannan komawar ita ake sayar wa fasinja. Da yake yawancin kwanakinta a tsakiyar teku ake yin su, kuɗin kowane kwana ya fi na gajerun tafiye-tafiye sauƙi. Namu ya tashi daga Durban, ya tsaya a Cape Town, da Walvis Bay ta Namibiya, da Dakar, da tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, ya ƙare a Italiya, tafiyar makonni uku da 'yan kai. Tun ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, da yawansu sun daina bi ta mashigar Suwez, sun koma zagaye Afirka ta yamma. Lokacin ya yi wa manomi daidai: an yanke alkama, damina kuma sai Yuni.

Wahalar farko tun a gida ake shan ta, wato takardu. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Afirka ta Kudu, da ta Namibiya, da ta Turai wadda ake kira Shengen. Kuɗin wannan ta ƙarshe kaɗai yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da inshorar lafiya da aka wajabta, wadda za ta iya ɗaukar nauyin jinya har yuro 30,000. Ga katin rigakafin shawara, ga sharaɗin fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida a jikinsa. Senigal ce kawai ba ta nemi komai ba saboda ECOWAS. Manyan jiragen nan ba kasafai suke zuwa Legas ba, don haka sai ka hau jirgin sama ka je ka same su, ka kuma hau wani ka dawo. Duk wanda zai yi lissafi ya fara da wannan.

Jirgin kansa kuwa, gani ya kori ji. Tsawonsa ya kusa mita 300, benaye sun haura goma, mutane dubbai ne a ciki. Abin da na fi yaba masa shi ne yadda ya dace da mai shekaru. Gwiwata ta hagu ta daɗe tana damuna, amma akwai lifta ko'ina, akwai ƙarfen riƙewa a kowane lungu, kuma kaya sau ɗaya ka kwance su. Ka kwanta a wata ƙasa ka tashi a wata, gadonka yana nan, sallayarka tana inda ka bar ta. Wanda ya taɓa jan jaka a filin jirgin Jidda lokacin aikin hajji ya san darajar wannan. Ruwan sha da na wanka a cikin jirgin ake yin sa, ana tace ruwan teku a raba shi da gishiri, kuma ko sau ɗaya famfo bai ɗauke ba. Kafin a tashi aka tara kowa, aka nuna mana inda za mu taru in an busa ƙaho bakwai gajeru da ɗaya dogo, da yadda ake ɗaura rigar ceto. Doka ce ta duniya, an ƙara tsaurara ta bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a 2012 mutum 32 suka rasu. Hankalina ya kwanta da na ga babu wanda aka ɗaga wa ƙafa.

Sai teku. Wannan shi ne abin da kuɗin ya saya da gaske, kuma ba a ƙara maka ko kwabo a kansa. Daga Walvis Bay zuwa Dakar kwanaki ne a jere babu tudu, babu itace, babu ko hayaƙin wani gari. Jirgin yana tafiyar kusan kilomita 37 a awa, ɗan acaɓa ma zai wuce shi, sai dai shi ba ya tsayawa dare da rana. Bayan sallar asuba nakan fita barandar da ta zagaye jirgin, lokacin masu raye-rayen dare suna barci, wurin ya zama nawa ni da masu wanke daɓe. A nan na fara ganin alfijir yadda malamai ke siffanta shi, farin da ke shimfiɗuwa a gefen sama babu gini ko ƙura da ta tare shi. Na ga kifaye masu fukafukai suna tashi a gaban jirgi, na ga launin ruwan ya sauya daga kore-kore mai sanyi da hazo na gaɓar Namibiya zuwa shuɗi sosai da muka doshi tsakiyar duniya. Ayoyin da na yi shekaru ina karantawa game da jirage masu gudu a teku da umarnin Allah, a wannan baranda suka shige ni. Kakana ya yi hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin a ƙaramin jirgi, kuma na yi ta tuna shi da yi masa addu'a.

Maganar salla ita ce wadda babu takardar talla da za ta taɓo maka. Babu masallaci a jirginmu, babu kiran salla, a ɗaki muke yi, tsakanin gado da ƙofa, wurin da ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Alƙibla kuma ba ta zama wuri ɗaya. A Durban arewa ce ta ɗan karkata gabas, a Dakar ta koma gabas, a Italiya kudu maso gabas. Allurar da ke cikin waya ƙarfen jirgi yana rikita ta. Abin da ya fisshe mu shi ne tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda kan jirgi ya dosa, daga nan sai ka ƙiyasta. Agogo ma ana juya shi, a ja baya kafin Senigal, a dawo da shi gaba kafin Turai, don haka rana na fi dogara da ita wajen sanin lokaci. Kafin mu tafi na je wajen limaminmu, ya bayyana mini hukuncin ƙasaru da na salla a jirgi: ka tsaya in za ka iya, ka zauna in jiri ya hana ka, Juma'a kuma ba ta wajaba a kan matafiyi. Ina ba kowa shawara ya yi haka. Buta kuwa, ka sa ta a jaka kafin ka sa hula, domin banɗakinsu takarda kawai ya tanada.

Wani yaro ɗan Indunusiya mai gyara mana ɗaki, da ya ga carbi da sallaya sai ya yi mana sallama, daga ranar shi ke gaya mana abin da aka dafa da giya ko man alade. Shi da 'yan uwansa daga Filifin da Indiya kwangilar wata shida zuwa tara suke yi, babu ranar hutu, iyalinsu sai ta waya. Ladabinsu ya burge ni, halin da suke ciki kuma ya tsaya mini a rai.

Abinci yana da yawa har ya yi yawa, kuma abin da ake zubarwa kullum zai ɓata ran duk wanda ya san wahalar buhu ɗaya na shinkafa. Amma abin da Musulmi zai ci hankali kwance bai kai yadda ido ke gani ba. Naman ba mu san yankansa ba, muka bar shi, muka tsaya a kifi, ƙwai, shinkafa, wake, burodi da 'ya'yan itace. Yajin da Hajiya ta daka tun daga gida shi ya riƙe mu. An hana shiga da butar lantarki ko dutsen guga saboda gobara, sai dai ka hau ɗakin cin abinci ka ɗebo ruwan zafi in kana son dama kunu. Bayan mako na biyu babu abin da muke marmari kamar tuwo da miyar kuka, kuma babu inda za a same shi.

Tsakanin Durban da Cape Town, inda tekun Indiya ke haɗuwa da Atlantika, ruwan yana da ƙarfi. Jirgin yana da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, duk da haka Hajiya ta kwanta da jiri da amai. Ɗakinmu na ciki ne, babu taga, kuma hakan yana ƙara abin, domin mai jiri yana samun sauƙi in ya ga inda sama ta haɗu da ruwa. Ta ce da ni, "Malam, in dai haka za a ƙarasa, gara a sauke ni a gari na gaba." Da aka shiga ruwa mai kwanciya ta warware. Akwai likita a jirgi, amma ganinsa da kuɗi ne mai tsoka, ba ya cikin kuɗin tikiti. Mai hawan jini ko ciwon suga ya taho da maganinsa har da rara, domin a tsakiyar teku babu kemis. Cuta ma tana saurin yaɗuwa inda dubban mutane ke cin abinci wuri guda. A 2020 jirgin Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan, fiye da mutum 700 korona ta kama a cikinsa. Shi ya sa a kowace ƙofar ɗakin abinci akwai mai tsare ka sai ka wanke hannu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kuɗaɗen da ke biyo baya. Ana ba ka kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne aljihu, kuma da yake ba ka ƙirga kuɗi da hannu, ba ka jin fitarsu. Akwai ladan ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kowace rana ba tare da an tambaye shi ba. Ruwan gora, lemo, wankin kaya, hoto, intanet, motar da za ta zagaya da kai gari, kowanne da farashinsa a dala ko yuro. Da aka turo takardar lissafi a daren ƙarshe na juya ta zuwa naira, sai na kasa cin abinci, domin na san ɗan nawa yana da ƙanne a makaranta. Ya ce, "Baba, kar ka damu, na san da su." Shi ya sani, amma iyaye da yawa ba za su sani ba, kuma ya kamata a rubuta su ɓaro-ɓaro a gaban talla.

Tsayawa a garuruwa gajera ce ƙwarai. A sauka da hantsi, a dawo kafin magariba, wanda ya makara kuma jirgi ba ya jiransa. A Cape Town mun samu mun yi salla a masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar, muka kuma hango tsibirin Robben inda Mandela ya yi shekara 18 cikin 27 da ya yi a ɗaure. A Dakar muka ci shinkafa da kifi irin tasu, muka tsallaka tsibirin Gore muka ga gidan da aka tsare bayi. Amma burina na shekaru shi ne ziyarar Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass, kuma tana da nisan kusan kilomita 190 daga Dakar. Zuwa da dawowa a yini guda kasada ce da ba za a yi ba. Na taka ƙasar Senigal na bar ta ban kai Madina Baye, unguwar Shehun da ke Kaulaha, ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Akwai kuma yanayin wurin. Bakin kududdufin wanka mutane ne kusan tsirara, ga mashaya a kowane bene, ga ɗakin caca da sai ka ratsa shi kafin ka kai wasu wurare. Babu wanda ya raina mu ko ya kalli hijabin Hajiya da wulaƙanci, wannan gaskiya ce, amma an gina jirgin ne domin masu wata al'ada daban. Rabin abin da aka biya kuɗinsa ba namu ba ne. Ga kewa: mutumin ƙauye ya saba da gaisuwa, da zaman dandali, da jana'iza da suna. Muna tsakiyar teku aka yi rasuwar wani maƙwabcina da muka taso tare, labarin bai same ni ba sai da muka kusa Dakar, kuma ko da ya same ni a ranar babu hanyar sauka.

Ga wanda ke da lafiya, yake jin Turanci, yake da abokin tafiya, kuma kuɗin ba zai taɓa karatun yara ko takin bana ba, tafiya ce da ta cancanci a yi ta, saboda tekun kaɗai. A nemi ɗaki mai taga a tsakiyar jirgi, can tangaɗi ya fi sauƙi. Ga dattijon da bai taɓa hawa ruwa ba kuwa, makonni uku sun yi yawa a karon farko. Tun Disamban 2024 Saudiyya ta fara nata jirgin mai suna AROYA, yakan tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya na 'yan kwanaki, babu giya, babu caca, abincin halal ne, akwai wurin salla. Ƙanina da ya zo neman shawara wannan jirgin na nuna masa, na ce ya haɗa shi da umara, in Hajiyarsa ta jure kwana uku a ruwa sai su yi maganar mai tsawo.