Gargaɗi kan masu tallar "haɗin maganin damuwa" da hujjar gwajin ɓeraye

Jama'a, a yi hattara. Akwai masu tallar wasu kafso a WhatsApp da Facebook, haɗin ganyayyaki da sinadaran ƙarin lafiya, suna cewa "an gwada a ɗakin bincike, ya fi fluoxetine aiki". Fluoxetine maganin ciwon damuwa ne da ake bayarwa a asibiti. Da zarar mutum ya tura kuɗi, sai su ce ya ajiye maganin asibiti, wai yana daskarar da ƙwaƙwalwa.

Ku tambaye su a kan wa aka gwada. A kan ɓeraye ne. Gwajin da aka fi yi, wani masani mai suna Roger Porsolt ne ya fito da shi a 1977: a saka ɓera cikin tulun gilashi mai ruwa wanda ba zai iya fita ba, kimanin minti 6, a auna tsawon lokacin da ya daina fafutuka. Maganin da ya sa ya ci gaba da iyo sai a ce akwai alamar amfani. Iyakarsa ke nan. Ko kafeyin da ke cikin goro yana sa ɓera ya ƙara motsi a ruwan, to goro ya zama maganin ciwon damuwa? Kuma ɓera kan nuna sauyi daga allura ɗaya, alhali mutum sai ya yi makonni yana shan magani kafin ya ji sauƙi. Masana na yin gwajin ne domin tace abin da ya cancanci a gwada kan mutane.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne abin da ake zubawa a irin wannan haɗin. Ganyen St John's wort ko sinadarin ƙarin lafiya na 5-HTP, idan ya haɗu da fluoxetine ko amitriptyline (shi ma maganin ciwon damuwa ne), sinadarin serotonin, mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, na iya yin yawa a jiki: zazzaɓi, gumi, karkarwa, ruɗewa, wani lokaci har rasa rai. St John's wort yana kuma rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da wasu magungunan HIV. Wanda ya yanke maganinsa farat ɗaya kuwa, jiri da rashin barci na iya biyo baya, ciwon ya dawo.

Lambar NAFDAC a kwalin maganin ganye ba shaida ba ce cewa yana warkar da ciwon damuwa.

Idan ɗan uwanku ya riga ya fara sha, don Allah ku tafi da shi da kwalbar wajen likitansa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato.