Tikitin kallon ƙwallo: shafin kulob ko na ƴan sari?

Ɗan uwa, na ga tambayarka ta daren jiya a zauren nan. Ka ce ka yi kusan awa biyu a layin intanet na kulob ɗinka, da aka zo kanka aka ce tikiti ya ƙare, sai ga tikitin wannan wasan birjik a wani shafin masu sake sayarwa, kuɗinsa ya ninka. Kana tambaya wanne ya fi. Duk biyun akwai wahala. A shafin kulob ana shan ta tun kafin a biya kuɗi, a wurin ƴan sari kuwa sai an isa bakin ƙofar filin wasa take bayyana.

Bari mu fara da shafin kulob, tunda shi ya ɓata maka rai. Manyan kulob-kulob na Ingila kamar Arsenal da Liverpool da Manchester United ba kasafai suke sayar wa kowa da kowa ba. Sai ka fara biyan kuɗin zama mamba na shekara, kuma wannan kuɗin damar nema kawai ya saya maka. Yawancin kujeru na masu tikitin kaka ne, wato na kakar wasa gaba ɗaya, ɗan abin da ya rage shi dubban mutane ke wawa a kai. Shi ya sa Arsenal ta koma yin ƙuri'a: ka sa sunanka, ka jira, ko ka dace ko ka sha ƙasa. Ni dai ƙuri'ar ta fi min layi, don a layi kana gasa ne da manhajojin da ƴan sari suka ɗana, waɗanda ke cika fom kafin kai ka gama rubuta lambar katinka. Ga kuma takaicin da kowa ya sani: ka zaɓi kujera, ka je wurin biya, banki ya tsaya turo lambar tabbatarwa, lokacin da aka ba ka ya cika, kujerar ta koma kasuwa.

Amma idan ka samu, ka samu. Tikitin da sunanka yake, farashinsa na asali ne, in an ɗage wasa akwai wanda za ka tuntuɓa. A gasar Firimiya ma tun 2016 aka ƙayyade tikitin magoya bayan baƙi a kan fam 30, sai dai samunsa aiki ne, don masu tarihin bin kulob waje ake fara bai wa.

Shafukan sake sayarwa irin su Viagogo da StubHub sauƙinsu ke jan mutane. Babu zama mamba, babu layi, minti biyar ka gama. To amma su dillalai ne tsakaninka da wani mutum da ba ka sani ba. Wani mai sayarwar ma bai riƙe tikitin ba lokacin da ya sa shi a kasuwa, fata yake ya samo kafin ranar wasa. In bai samo ba, a maido maka kuɗin tikiti, kuɗin jirgi da na masauki kuwa sun tafi kenan. In ya samo, sau da yawa na wani mamba ne, da sunan wani. Kulob na rufe asusun duk mamban da aka kama yana sayar da tikitinsa haka, kuma in aka rufe shi da safiyar wasa, abin da ke wayarka ya zama hoto. Akwai wanda za a sayar wa tikitin yara ko na tsofaffi, na'urar ƙofa ta tona shi. Akwai wanda zai tsinci kansa a tsakiyar magoya bayan abokan hamayya, ƙungiyarsa ta ci ƙwallo ya yi tsalle, masu gadi su rako shi waje. Sannan kuɗin da ka gani da farko ba shi za ka biya ba, ana ƙara ladan dillali a shafin ƙarshe.

A Ingila da Wales doka ta haramta sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin masu wasan ba tun 1994, shi ya sa irin waɗannan shafukan ke aiki daga wasu ƙasashe. FIFA ma ta kai ƙarar Viagogo a Janeba a 2018 kan tikitin gasar kofin duniya ta Rasha.

Kada dai in yi wa shafukan hukuma ado fiye da kima. A Qatar a 2022, ranar wasan Ingila da Iran, mutane da dama sun maƙale a waje saboda tikitinsu ya ƙi buɗewa a manhajar FIFA. A wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na 2022 a Faris, tsakanin Liverpool da Real Madrid, masu tikiti na gaskiya sun sha hayaƙi mai sa hawaye a bakin ƙofa, aka jinkirta wasa fiye da rabin awa. Da farko an ɗora laifin kan jabun tikiti, daga baya kwamitin bincike mai zaman kansa ya ce hukumar ƙwallon Turai UEFA ce ke da babban alhaki. Ga kuma gasar kofin duniya ta 2026, inda FIFA ta shigo da farashi mai hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema, kuma a kasuwarta ta sake sayarwa tana cire kashi 15 cikin 100 daga mai saye, wani 15 daga mai sayarwa. Wannan kam, in ka tambaye ni, sari ne da hatimi. Duk da haka tikitin da ka saya a can zai buɗe maka ƙofa.

Da ni ne kai, ba zan taɓa shafin nan da ka gani ba, musamman in tafiya za ka yi takanas saboda wasan. Yawancin manyan kulob suna da wurin musayar tikiti a shafinsu, inda mai tikitin kaka da ba zai je ba yake mayar da kujerarsa a sayar wa mambobi a farashin kulob. Kujerun sukan fi fitowa a kwanakin ƙarshe kafin wasa, ɗaya-ɗaya, don haka in ku biyu ne ku haƙura da zama tare. In aljihu da nauyi kuma wasan ba ya ƙetaruwa, akwai tikitin alfarma mai haɗe da abinci, da tsada amma halastacce, ka duba sunayen dillalan da kulob ɗin ya amince da su a shafinsa kafin ka tura ko sisi. Da zarar ya shigo, sauke shi cikin wayarka tun a gida, ka cika caji, don intanet kan yi nauyi a bakin fili idan jama'a suka taru. Hoton allo kuma ba ya aiki a wurare da yawa, saboda tikitin nasu ko alamarsa na sauyawa, ko sai an kara wayar a jikin na'ura.